Kwana Uku da Surukina a Kwazazzabo

Faratan manyan yatsun ƙafata biyu sun fita, kuma Ɗanjuma direban albasa ne ya jawo. Ban yafe masa ba tukuna. Na fara da wannan ne don matan ajinmu na yaƙi da jahilci, da suka dame ni da tambayar yaya ƙasar Binin take, me na ci, ina na kwana, su san ba shan iska na je ba. Na gaji da maimaitawa a rumfa ina juya kifi a kan banda, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta kai nan ba.

Ɗiyata ta fari tana aure a can, cikin duwatsun arewacin Binin, wajen wani yaro ɗan Nasarawa ta Birnin Kebbi. Ba zan rubuta sunanta ba, ta fari ce, ban taɓa kiran sunan ba tun ranar da aka raɗa shi. Shi ma ba zan rubuta nasa ba, suruki ne. Zan riƙa cewa Ta-fari, in ce Suruki, ku dai kun san su.

Ranar kasuwa Ɗanjuma ya tsaya gaban rumfata, mutane cike, ya ce, "Inna Kulu, na ga ɗiyarki hwa. Wallahi da idona. Cikin daji, da wando da takalman soja, ga kaya a bayanta sun hi kanta tsawo, Turawa na biye da ita hannu na dukan cinya."

Na ce, "Mijin hwa?"

Ya ce, "Ko ƙeyarshi ban gani ba. Dako shika sa ta, shi shina gida kwance."

Na kira ta a waya. Ta yi dariya ta ce, "Inna, aikina ne." To, wace mace ce za ta ce ba aikinta ba ne in miji na tsaye a kanta? Malam mijina ya ce a bi a hankali. Malam masunci ne, ya saba zama cikin jirgi yana jiran kifi, shi komai a hankali ne. Ni ban saba ba. A ranar na shiga motar Birnin Kebbi na sauka gidan uwar Suruki, Hajiya Ige. Ta shimfiɗa mini tabarma ban zauna ba. Na ce ni ban aurar da ɗiyata don ta zama jakin ɗanta ba, za ni in ɗauko ta, ta ce ma ɗanta shi shirya takardarta. Da ƙarfi na faɗa, har maƙwabta suka shigo suka jeru jikin katanga. Hajiya Ige mace ce mai sanyi. Ta dube ni kawai ta ce, "To, Kulu."

Bayan kwana biyu na ɗaure bandar kifi cikin kwali na kama hanyar Kamba.

A boda wani ma'aikaci ya karɓi katina ya juya shi, ya cike wata takarda, ya turo mini ɗan akwatin tawada ya nuna babban yatsansa. Na ture akwatin. Na ce, "Ɗana, ba ni biro." Ya ba ni. Na rubuta sunana da na ubana, baƙi bayan baƙi, ban yi sauri ba, layi na ta tsawo a bayana. Wani ya ce, "Hajiya, wasiƙa kike rubutawa?" Na ce shekara uku na yi ina zuwa aji da la'asar don wannan ranar, wanda ke sauri ya jira.

Daga Gaya, can bayan boda, muka hau gadar Kwara. Na leƙa ruwan na ce wannan kam ya girmi gulbinmu, ba gardama. A Malanbil na kwana a zango, gidan wata 'yar Augie da ta daɗe can tana sayar da albasa, har Hausarta ta fara lanƙwasa. Ta kawo mini wani farin tuwon masara mai tsami, naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau. Na ce a ɗumama, wannan ai kwanan jiya ne. 'Ya'yanta suka yi ta dariya, wai haka ake cinsa. Na ci don kada in ɓata mata rai. Da safe kuma burodi, dogo kamar muciya, ɓawonsa na yankan dasashi. Mata kuwa su ke tuƙa babur da kansu, da goyo a baya da kwandon tumatir a gaba. Wata ma ita ce 'yar kabu-kabun da ta kai ni tasha. Na riƙe ƙugunta ina ta salati, ita tana amsa waya.

Motar Kandi zuwa Faraku doguwa ce, kaya a sama. Suka ɗaure kwalina kusa da wata akuya. Muna cikin tafiya na ga abu ya wuce ta taga. Na sake ganin wani. Na uku na gane shi, tarwaɗa ce, ni na yi bandarta da hannuna. Akuyar ta cinye gefen kwalin, kifi na ta zuba a titi. Na buga jikin mota har direba ya tsaya, fasinjoji suka sauka suka bi hanya suna tsinta. Mai akuyar ya yi ta magana da Faransanci, ni ina mayar masa da Hausa, kowa ya faɗi abin da ke ransa, muka koma muka zauna kujera ɗaya. Rabin kifin ya dawo hannuna. Sauran na ga bakuna na motsi har Faraku.

Na isa garinsu rana ta uku. Sunan garin ba ya zama a bakina, kada ku tambaye ni. Ta-fari ta fito da gudu. Na duba ta sama da ƙasa. Ba ta rame ba, har kumatu ta yi, abin ya ɗan ɓata mini lissafi. Suruki ya fito, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Inna, an zo lahiya? Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa su Baba?"

Na dubi bango na ce, "Lahiya."

Da ya fita na ce wa Ta-fari ta haɗa kayanta, gobe za mu gida. Ta ce, "Inna, gobe ina da baƙi. Kwana uku za mu yi cikin kwazazzabo. Ni ke nuna musu hanya, takarda gare ni ta wannan aikin."

Na ce, "To, da ni za a je. In ga dakon da idona."

Ta ce tafiyar ƙafa ce. Na ce kafin a haife ta ina zuwa Augie a ƙasa da kwaryar kifi a kai. Ta ce silifas ba zai yi ba, sai takalmi mai igiya. Ta kawo guda biyu. Ɗaya ya yi mini daidai, kamar don ni aka yi shi. Na tambayi mai shi, ta kau da kai, na gane na Suruki ne. Na cire shi kamar na taka wuta. Ƙafata cikin takalmin suruki? Na cusa ƙafa cikin nata, yatsuna a dunƙule, na ce wannan ya fi daidai. Nan faratana suka fara ban kwana da ni.

Baƙin su biyu ne. Akwai wata tsohuwar Baturiya, ta girme ni, busasshiya, da sanda a kowane hannu. Akwai kuma wani likitan haƙori daga Kwatano, mai tumbi, da hula mai faɗi, yana jin Hausar kasuwa kaɗan. Kowa da jaka a goye. Ni aka ba ni ƙarama, na zuba kifina ciki, na naɗa gammo na aza ta a kai kamar mutum. Reshe na farko ya kaɓar da ita. Na biyu ma haka. A na uku na goya ta ban ce wa kowa komai ba.

Mota ta ajiye mu a bakin wani rami. Ƙasa ce ta tsage biyu, dutse nan dutse can, tsayin kowanne ya fi hasumiyar masallaci ninki ba adadi, ruwa na gudu can ƙasa siriri, ana jin kukansa. Hanyar kuwa 'yar siririya ce manne da jikin dutse, an ɗiga jan fenti jefi-jefi don kada a ɓata.

Na ce, "Gidan wa za mu?"

Ta-fari ta ce, "Ba gidan kowa."

"Kasuwa?"

"A'a. Akwai inda ruwa ke zubowa daga saman dutse. Shi za su gani."

"Su gani su yi mi?"

"Su gani, su dawo."

Na dubi likitan na ce masa a Argungu ba mu zuwa neman ruwa, shi ke zuwa nemanmu, bara har ɗaka ya same ni ya tafi da tukwane biyu. Ya ce, "Mama, wannan daban." Na ce jiƙa ɗaya ce.

Ta-fari ce a gaba, da usur a wuya. Sai Baturiya, sai likita, sai ni. Suruki a ƙarshe. Da gangan na zaɓi nan, don in sa masa ido. Shi ke ɗauke da tantuna da tukwane da ɗan murhun gas da abincin kwana uku, in ya taka sai ka ji kamar mai gyaran kwano ya shigo unguwa.

To, ga inda abin ya lalace. Duk sanda na waiwaya muka haɗa ido, sai ya durƙusa. Haka aka rene shi, ba laifinsa ba ne. Amma durƙuso da wannan kaya a baya ba irin na zaure ba ne. In ya sauka ƙasa, tashi sai ya kama dutse, ya yi nishi, tukwane na ƙara. Hanyar kuma lanƙwasa take yi tana dawowa, kowace kwana sai na same shi a samana muna fuskantar juna. Ya durƙusa. "Sannu, Inna." Mu sake kwana. Ya durƙusa. "Sannu da hanya, Inna." Baturiya ta tambayi Ta-fari ko mutumin ciwon gwiwa gare shi, ta ciro wani man shafawa daga jakarta. Ta-fari ta yi masa faɗa da Faransanci. Ya amsa mata a hankali, ya ci gaba da abinsa. Ni kuma ban daina waiwaye ba, don ai kallonsa na zo yi.

Da muka tsaya sallar azahar ya sauka ɗebo ruwa, na faki ido na ɗaga jakar Ta-fari, wadda Ɗanjuma ya ce ta fi kanta tsawo. Ta fi shi, gaskiya ne. Amma da hannu ɗaya na ɗaga ta, barguna ne ciki da akwatin magani. Na je ga ta Suruki na ja. Ko motsi ba ta yi ba. Na ce a raina, don ya ga na zo ne.

Na kuma lura ba wanda ke taka ko'ina sai Ta-fari ta ce a taka. Ita ke cewa a sha ruwa, ita ke cewa a tashi. Likita, babban mutum da furfura a gemu, ya zauna a dutse ta tuɓe masa safa ta manna masa filasta tana yi masa faɗa, yana cewa to. Ban yabe ta ba. Uwa ba ta yabon ta fari, balle a gaban mutane.

Kafin magariba muka isa masauki. Kada ku ji masauki ku zaci ɗaki. Wani falalen dutse ne, faɗinsa bai fi zauren gidanmu ba, ruwa ta gefe ɗaya, bangon dutse ta ɗayan. Suruki ya kafa tantuna. Na leƙa nawa, ƙanƙane, a kwance ake shiga, a ja zif a rufe ka. Na ce ni ba wanda zai rufe ni cikin ƙyalle da raina. Na shimfiɗa bargona a tsakiyar falalen, inda nake ganin kowa da komai.

Ya dafa shinkafa da miyar gyaɗa. Shi ya dafa, ku ji da kyau, namiji, ɗan Birnin Kebbi. Ya zuba wa kowa, ya ajiye nawa nesa kaɗan ya ja baya. Ni ba zan tauna a gaban suruki ba, amma ina da dabara: na ja mayafi na rufe kaina da kwanon gaba ɗaya, na ci abina a ciki. Da na fito na gan shi can gefe yana wanke tukunya.

Ta-fari ta zo ta ce, "Inna, zo mu zaga bayan dutsen can in nuna miki wasu tsuntsaye."

Na ce, "Na ga tsuntsu."

"To ki ɗan shiga tanti ki huta, ko na ɗan lokaci."

Na ce a raina, so suke in kauce su haɗa baki kan abin da za su gaya mini. Na ce, "Nan nike, ba inda za ni."

Da asuba na riga kowa tashi. Aka yi shayi da burodi, na sake shiga mayafina. Ta-fari ta sake cewa in zo in ga wani fure. Na ce ban zo Binin kallon fure ba.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane, ni ban gane ba. A gida ba wanda ke tunanin inda suruki zai ci abinci. Akwai zaure, akwai katanga, akwai ɗaki, su ke yi mana wannan aikin ba mu sani ba. A kan falalen dutse ba katanga, sai ni zaune a tsakiya ido buɗe. Tun da muka baro gari yaron nan bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, shi ma sai ya juya baya.

Rana ta biyu da hantsi muka zo inda za a ƙetare gulbin. An ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ruwa zuwa cinya, amma da ƙarfi, ƙasa kaɗan kuma ya faɗa wani wuri mai zurfi, baƙi ƙirin yana juyawa. Ta-fari ta ƙetare da Baturiya. Ta dawo ta ja likita, yana rungume da igiya yana kiran uwarsa. Ta miƙo mini hannu, na ce ta matsa. Ni 'yar masunta ce, ina shekara shida nake kwanciya kan gora ina ƙetare gulbi. Na tattare zani na wuce ko igiyar ban taɓa ba. Baturiya ta tafa mini. Ta-fari ta ga na haye, Suruki kuma ya saba da wurin, sai ta ja Baturiya suka fara hawa suka sha kwana. Likita ya zauna yana matse safa.

Suruki ya shigo ruwa. Ya kai tsakiya. Ni kuma na waiwaya.

Wallahi ban yi da nufi ba, wuyana ne ya saba. Muka haɗa ido. Na ga gwiwoyinsa sun fara sauka, na ɗaga hannu in ce kada, amma ina. Ya durƙusa a tsakiyar gulbi. Ruwa ya kama jakar ta baya, ya juya shi kamar kwarya, hannunsa ya saki igiya. Sai ga ƙafafu sama, tukwane na ƙara, ya nufi wurin nan mai zurfi.

Na yi ihu, "Ke! Ke!" Kukan ruwa ya cinye muryar. Likita ya miƙe da safa a hannu yana tsalle wuri ɗaya. Na yar da jakata da mayafi na faɗa.

Rabona da iyo tun kafin in yi jika, amma jiki bai manta ba, takalman ne kawai suka so kashe ni. Na cim masa yana nutsewa. Ko a nan ban taɓa jikinsa ba, madaurin jakar na kama, na ja shi yadda Malam ke jan giwan ruwa, ina bin ƙarfin ruwan a karkace har ƙafata ta taɓa yashi. Likita ya shigo zuwa gwiwa ya kama ɗaya gefen, muka fitar da shi. Ya kwanta, ido a rufe, leɓe fari. Likita ya juya shi ya danna, ruwa ya fito, yana numfashi amma bai farka ba. Likita ya ce, "Mama, akwatin magani! Kira ta! Kira ta!"

Na sake cewa, "Ke!" Ba kowa. Na dubi yaron nan kwance, ɗan mutane, wanda na tsaya a tsakar gidan uwarsa na zage. Na cika ƙirjina da iska na kira sunan ɗiyata.

Ba zan rubuta shi nan ba, sau ɗaya ya isa. Amma ku san halin kwazazzabo: in ka yi magana sai ya mayar maka. Sunan da na riƙe a bakina shekara ashirin da bakwai, dutsen nan ya karɓa ya maimaita, na can ya karɓa ya maimaita, har sau uku, duk da muryata, kamar mai shela. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har cikin takalmi.

Sai ga ta da gudu tana zamewa a kan duwatsu. Ta durƙusa kansa, ta shaƙa masa wani abu, ta ɗura masa ruwan sukari. Ya buɗe ido. Ni ya fara gani, tsaye ina ɗigar ruwa, kai ba ɗankwali. Ya fara kokawar tashi, ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ta-fari ta danne ƙirjinsa ta ce, "Wallahi in ka durƙusa ni zan mayar da kai ruwan."

Likita ya taɓa wuyan hannunsa, ya duba idonsa, ya ce, "Wannan ba ruwa kaɗai ba. Yaushe ya ci abinci?"

Nan Ta-fari ta juyo kaina. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. "Tun shekaranjiya da daddare, Inna! Kin zauna a tsakiya kamar mai gadi! Na ce tsuntsu, kin ƙi. Na ce fure, kin ƙi. Na ce masa ya ci, ya ce ba a gabanki ba, ko zai mutu. To ga shi ya kusa!"

Na ɗauki mayafina, na taka zuwa bangon kwazazzabon, na juya musu baya na fuskanci dutse, hancina kusan yana taɓa shi. Na ce wa dutsen, "A gaya ma mutanen da ke bayana akwai kihi cikin jakata. Su ci. Ni ina nan ina kallon wanga dutse, ban gama ganin shi ba."

Na daɗe tsaye. Na ji ana ɓare tarwaɗa, na ji ana tauna. Baturiya ta sauko ta same ni haka, ta zaci wani abin kallo na gano, ta zo ta tsaya gefena ita ma tana duban dutsen, har ta ɗauki hotonsa.

Daga nan muka yi tsari. In lokacin abinci ya yi, ni da dutse. A hanya kuma na koma gaba, bayan Ta-fari, aka hana ni waiwaye. Ruwa ya tafi da tukunya ɗaya da murhun, sai ni na haɗa duwatsu uku na hura wuta, na yi musu miyar banda da likita ya side kwano.

Mun kai wurin ruwan da la'asar. Yana zubowa daga sama fari fat, feshinsa na jiƙa fuska tun daga nesa, sanyi kamar randa. Ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau. Suka kalla, suka ɗau hoto, Baturiya ta yi hawaye. Shi ke nan. Washegari muka hau ta wata hanya muka fito daidai inda mota ta ajiye mu. Kwana uku, ba mu gai da kowa ba, ba mu sayo komai ba. A hawan nan ne faratan suka ƙarasa, da na cire takalmi farce ɗaya ya biyo safa.

A hanyar hawan Ta-fari ta rage sauri har na yi daidai da ita. Ba ta dube ni ba ta ce, "Da farko ban san ni ake kira ba. Ban san yadda yake a bakinki ba." Na ce ta duba gabanta kada ta faɗi.

Da muka koma gida, tana wanke mini yatsu da ruwan gishiri, na ce ta bar haɗa kaya, ni kaɗai zan koma. Sai ta ce akwai magana. Tun ranar da na je Nasarawa, Hajiya Ige ta kira ɗanta. Ta ce ita ba a taɓa tara mata maƙwabta an ci mutuncinta ba, in dai ita ta haife shi ya rubuta takardar ya ba ni in taho da ɗiyata. Kullum sai ta kira. Shi kuma kullum yana cewa Hajiya a ƙara haƙuri. Takardar da na nema ke nan, ga ta tana tafe, da bakina na kira ta. Yaron ya san haka duk kwanakin nan da yake durƙusa mini.

Ban ƙara kwana ba. Suruki ya kai ni tasha, shi a gaban mota ni a baya, ba wanda ya dubi wani. Na ce wa gilashin taga, "A ce ma mutane kada su rubuta komi. A jira ni." Gilashin gaba ya ce, "To, Inna."

Hanyar dawowa ba abin faɗi, sai dai na yi ta da silifas da yatsu naɗe da tsumma. Na iso Argungu bayan la'asar. Malam ya dubi bayana bai ga kowa ba, ya dubi ƙafata, ya ce, "To?" Na ce ya bar ni in yi salla.

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na shiga motar farko ta Birnin Kebbi, na sauka Nasarawa ina ɗingishi. Ban fara da gidan Hajiya Ige ba. Na bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina sallama, na ce duk wadda ta tsaya jikin katanga ranar nan ta fito ta biyo ni. Suka fito, wata da ludayi a hannu. Sannan na yi sallama a ƙofarta.

Daga ciki ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Kulu ce. Na zo in janye maganata, kuma ga waɗanda sunka ji ta hwarko na taho da su, su ji ta biyu. Shimhiɗa tabarmar, yau zama za ni yi."